Yadda Ake Gano Makarantar Kwana da Kakanka Ya Yi Daga Tsofaffin Takardun Ƙidaya da Kundayen Ma'aikata

A gidaje da yawa na Damagaram an san cewa wani kaka ya yi lakwal tun zamanin Nasara, an kuma san cewa karatun ya raba shi da gida shekara da shekaru, amma idan aka tambayi sunan makarantar da ya zauna a cikinta sai baki ya rabu: wani ya ce Yamai, wani ya ce Tawa, wani kuma ya ce ai Dakar aka kai shi. Sau da yawa dukansu suna da gaskiya, domin yaron da ya yi nisa da karatu a wancan lokaci ba a makaranta ɗaya yake farawa ya gama ba. Tun farko ya kamata mai bincike ya san cewa takardar ƙidaya ba ta faɗar sunan makaranta, kundin sunayen ma'aikata shi ma da wuya ya faɗa. Ƙidaya tana nuna lokacin da yaro ya bar gida da yadda aka rubuta sunansa, kundin ma'aikata yana nuna matsayin da ya fito da shi, ita kuwa makarantar tana tsakanin waɗannan biyu, kuma da su ake matso ta har a kai ga takardar da ta ambace ta da suna.

Matakan karatu a wancan zamani

Ba a iya karanta waɗannan takardu sai an san matakan da yaro yake hawa. Tsarin da gwamna janar Ernest Roume ya kafa wa ƙasashen Afirka ta Yamma da Faransa ke mulka a 1903, wanda Jules Carde ya sake wa fasali a 1924, ya fara ne daga ƙaramar lakwal ta ƙauye. Wanda ya nuna ƙwazo a can sai a tura shi babbar lakwal ta yanki, wadda takardu ke kira école régionale, inda ake zana jarrabawar sartifika. Zinder ita ce hedikwatar ƙasar har zuwa 1926 lokacin da aka mai da ita Yamai, kuma lakwal ɗin yankinta tana karɓar yaran da aka zaɓo daga ƙasashen da ke kewaye, saboda haka ga ɗan Magarya ko Gure ko Tanut, zaman nesa da gida na farko a nan Zinder yake farawa. Bayan sartifika akwai école primaire supérieure, wato makarantar gaba da sartifika, ta shekara uku, ta kwana ce kuma gwamnati ke ciyar da ɗalibanta. Kafin Yamai ta sami tata, ana tura ƴan Nijar waje: Bubu Hama ta Wagadugu ya bi, Jori Hamani kuwa ta Porto-Novo ta ƙasar Dahome, sannan kowannensu ya ƙarasa makarantar William Ponty a Senegal.

Ita Ponty tana tsibirin Gore har zuwa 1938, daga nan aka mai da ita Sebikotan. Wannan ƙaramin bayani yana da amfani, domin idan tsofaffi sun riƙe cewa kaka yana ba da labarin makarantar da teku ya kewaye, sai an shiga jirgin ruwa ake isa gare ta, to ya shiga ta kafin 1938 ke nan. Akwai kuma makarantar likitoci da ungozoma ta Dakar da aka buɗe a 1918, da ta likitocin dabbobi a Bamako, da ta malaman karkara a Katibugu, da ta ƴan mata a Rufisk wadda ta fara a 1938. Bayan yaƙin duniya na biyu aka buɗe makarantun horar da malamai a cikin Nijar kanta, irin ta Tawa, da kolejoji, bayan samun mulkin kai a 1960 kuma suka ƙaru, har Zinder ta sami makarantar horar da malamai ta Askiya Muhammadu da lise Amadu Kuran Daga.

Kafin a wuce, a tabbatar da irin karatun da ake magana a kai. Idan aka ce kaka ya yi shekara goma yana karatu a Gabas, galibi tsangaya ake nufi, kuma almajiranci bai shiga takardun da za a ambata a nan ba. Sawunsa yana wajen malamai da zuriyar alarammomin da suka riƙe shi.

Abin da ake tarawa a gida

Aikin yana farawa a gida, kuma abin da ake nema wajen tsofaffi sunaye ne da alamomin lokaci, domin da wuya a sami wanda ya riƙe shekara da lambarta. Tambayar da ke ba da amsa ita ce irin wannan: «Inna, lokacin da aka ɗauki Baba lakwal, wane ne sarkin garinmu, kuma an riga an yi wa Yaya aure?» Sarauta da yunwa da fari da zuwan wani kumandan duk ana iya mai da su shekara daga baya. Wanda aka ce an ɗauke shi a zamanin Sarkin Damagaram Barma Mustafa, misali, ya faɗa tsakanin 1923 da 1950, wanda fili ne mai faɗi, amma idan aka haɗa shi da wata alama ta biyu sai ya ƙuntata. A tambayi sunan yanka, da laƙabin gida, da sunan da abokan lakwal ke kiransa da shi, da sunan mahaifinsa, da na wanda ya riƙe shi idan ba a gaban mahaifinsa ya tashi ba, da na mai masaukinsa a birni. A kuma buɗe tsohuwar adaka a duba katin iyali, da takardar fansho, da littafin soja, da hotuna. Bayan hoton aji akan sami sunan gari da shekara da alƙalami.

Duk sunan da aka samu sai a rubuta shi ta kowace hanya da akawun Faransa zai iya rubuta shi. Mamman yana fitowa Mamane ko Maman ko Mahamane, Shu'aibu ya zama Chaïbou, Haruna ya zama Harouna ko Arouna, Isufu ya zama Issoufou ko Youssouf, Lawali ya zama Laouali, Hadiza ta zama Adiza. Garuruwa ma haka: Mirya tana zuwa Mirriah ko Myrriah, Kance ta zama Kantché, Washa ta zama Ouacha, Tasawa ta zama Tessaoua. A lakwal akan liƙa wa yaro sunan mahaifi, amma ba kullum ba; wani sunan garinsu aka ba shi, wani na sarkin da ya kawo shi, kuma ana iya juya sunayen biyu daga wannan takarda zuwa waccan.

Ƙidayar da ake nufi

Mutane da yawa idan sun ji ƙidaya sai hankalinsu ya tafi ga babbar ƙidayar jama'a ta ƙasa, wadda aka yi a 1977 da 1988 da 2001 da 2012. Waɗannan ba su da amfani a wannan aiki, domin sun zo a makare, kuma doka ta hana a ba wani bayanan mutum ɗaiɗai da ke cikinsu. Binciken yawan jama'a na 1959 zuwa 1960 shi ma samfuri ne aka ɗauka, alƙaluma ya fitar. Wadda ake nema ita ce ƙidayar lanho, wato haraji, wadda takardu ke kira recensement administratif: kumandan ko mataimakinsa ya fita rangadi da tafinta da akawu, a tara gari a ƙofar mai gari, a kira kowane mai gida ya zo da iyalinsa a rubuta su. Ba kowace shekara ake zagayo gari ba, tazarar takan kai shekaru, kuma an ci gaba da wannan aiki bayan mulkin kai.

Littattafan da aka rubuta sunaye a ciki a inda ake karɓar lanho suka zauna, saboda haka a gida ake fara nemansu: ofishin shugaban gunduma da gidan magajin gari na Mirya ko Magarya ko Matamai ko Gure ko Tanut, da fadar sarkin da garin ke ƙarƙashinsa, wani lokaci ma har gidan mai gari ko mai unguwa, inda akan ajiye kofen jerin masu biya. A lura cewa iyakokin mulki sun sha canzawa, garin da yau yake da gundumarsa mai yiwuwa a da ƙarƙashin wata yake, to tsohon littafinsa yana tsohuwar hedikwata. Abin da ya isa gidan adana takardun ƙasa a Yamai galibi rahoton rangadin ne, mai jimillar mutane da dabbobi, amma shi ma yana da daraja, domin yana faɗar shekarun da aka ƙidaya kowace ƙasa, da haka za ka san littafin wace shekara za ka tambaya. Wajen sarakuna kuwa ba a zuwa da gaggawa. A nemi wanda zai yi iso, a yi gaisuwa yadda ta kamata, a ce: «Ranka ya daɗe, sawun karatun kakanmu muke bi, muna roƙon a duba mana ko tsohon littafin lanho yana nan.» A fito da manufar fili tun farko, domin wanda ya zo neman tsofaffin takardu ba tare da bayani ba akan zaci rigimar gona ko ta sarauta ce ta kawo shi, kuma daga nan ƙofa take rufewa.

Idan aka dace littafin ya tsira daga gara da ɗigon ruwa, abin da za ka gani shafi ne mai layuka a tsaye. Sunan mai gida yana sama da lambar gidansa, ƙarƙashinsa matansa, ƙarƙashin kowace mace ƴaƴanta, sannan ƙanne da barori da duk wanda ke ci daga tukunyar gidan. Gaban kowane suna akwai shekaru ko shekarar haihuwa da aka ƙiyasta da ido, da gurbin da ke nuna ko mutum ya isa biyan lanho, sai gurbin ƙarshe na ƙarin bayani, kuma nan ne idonka zai fi tsayawa. A nan akawu yake rubuta cewa wane ya rasu, wance ta yi aure ta tashi, wane ya tafi soja, wane ya ƙetara Nijeriya, sau da yawa da wata tawada daban, domin littafi ɗaya ake gyarawa a rangadi na gaba. Kalmar da kake nema ita ce élève ko école, wato ɗalibi ko makaranta, wani lokaci a taƙaice. Akawu yana da dalilin rubuta ta, domin ɗaliban lakwal ɗin gwamnati suna cikin waɗanda akan ɗauke wa lanho, mai gida kuma ba zai yarda a caje shi kuɗin kan yaron da Nasara ya ɗauke masa ba.

Littafi ɗaya ba ya isa, ana son biyu ko uku a jere. Yaron da ke cikin na farko ba tare da wani bayani ba, a na biyu aka rubuta masa élève, a na uku aka soke sunansa ko aka ce yana Yamai, ya riga ya ba ka iyakar shekarun da za ka bincika. Idan kuma ya ɓace daga ƙauye ba tare da an ce komai ba, kada a yanke cewa rasuwa ya yi. Ba duk ɗaliban lakwal ɗin yanki ne suke kwana a cikin makaranta ba. Da yawa a gidan mai masaukin sarkinsu ake sauke su a unguwar Birni ko Zango ta Zinder, saboda haka sai a koma littafin unguwar a duba ƙarƙashin sunan wancan mai gida, inda yaron zai iya fitowa a ƙarshen jeri tare da wasu yara da ba ƴan gidan ba. Yara uku ko huɗu masu kusan shekaru ɗaya, iyaye daban daban, a gida guda, alama ce mai ƙarfi ta masaukin ƴan lakwal.

Akwai abubuwa biyu da ke gurɓata wannan littafi. Na farko, mutane suna ɓoye ƴaƴansu ranar ƙidaya don gudun lanho da aikin tilas da ita lakwal ɗin kanta, saboda haka rashin suna ba hujja ba ce. Na biyu, Nasara ƴaƴan sarakuna da na manya yake nema, su kuwa sau da yawa sai su miƙa ɗan bara ko ɗan talaka da sunan nasu. Sakamakon haka shi ne littafin lanho ya ba yaro uba ɗaya, rajistar lakwal ta ba shi wani. Wanda ya ci karo da irin wannan ya rubuta duka biyun yadda ya same su, ya kuma yi shawara da manyan gida kafin ya baza labari, domin magana ce da ta shafi asalin mutane masu rai.

Lissafin shekaru

A ɗauka littafin ya ce an haifi yaro wajen 1928. Idan an ɗauke shi lakwal yana da shekara 8 zuwa 10, ya shiga tsakanin 1936 da 1938. Shekara shida ta kai shi sartifika tsakanin 1942 da 1944. Idan ya wuce ta Yamai, shekara uku ta kai shi ƙofar Ponty ko Katibugu tsakanin 1945 da 1947. A ƙara shekara biyu gaba da biyu baya, saboda maimaita aji da kuskuren ƙiyasi. A ganina shekarar da ke littafin lanho ta fi ta takardun makaranta kusa da gaskiya, duk da cewa da ido aka ƙiyasta ta. Dalili kuwa shi ne kowace jarrabawa tana da iyakar shekaru, kuma yawancin yaran ba su da takardar haihuwa sai ta shari'a, wato jugement supplétif, wadda ake yi gab da jarrabawa da shaidu biyu, a rage wa yaro shekaru yadda zai shiga. Shi ya sa takardun suke cewa né vers, wato an haife shi wajen shekara kaza, kuma shi ya sa za ka ga ƙane ya girmi wansa a takarda. Ranar da aka yanke wannan takarda ta fi shekarar da ke cikinta amfani, domin takan faɗo cikin shekarar sartifika ko wadda ta gabace ta.

Daga ƙarshen aiki a komo baya

Ɗaya gefen kuwa daga aikin da kaka ya yi ake farawa. A zamanin Nasara gwamnatin tarayyar Afirka ta Yamma da ke Dakar tana buga kundin shekara mai suna Annuaire du Gouvernement général de l'Afrique occidentale française, mai ɗauke da ofisoshi da makarantu da sunayen ma'aikata da matsayinsu da inda aka tura su, kuma wasu shekarunsa suna nan kyauta a Gallica, shafin intanet na babban ɗakin karatu na ƙasar Faransa. Kada a ɗora masa buri da yawa: Turawa ne suka cika shi, ƴan ƙasa kuma sai masu babban matsayi, ƙananan ma'aikata sau da yawa ba su ciki. Amfaninsa na farko shi ne yana nuna makarantun da ke akwai a wata shekara da sunan mushen da ke riƙe da kowace, ta yadda idan tsofaffi sun riƙe sunan wani Bature da ya koyar da kaka, ana iya gano gari da shekarun da ya zauna. Amfani na biyu shi ne matsayi, domin matsayi yana tona makaranta. Wanda aka rubuta médecin africain daga makarantar likitoci ta Dakar ya fito, vétérinaire africain daga Bamako, instituteur, wato cikakken malamin lakwal, kafin ƙarshen yaƙi galibi ɗan Ponty ne ko Katibugu, moniteur kuwa, wato ƙaramin malami, yawanci ƙasa da haka ya tsaya. Commis, wato akawu, yana da ruɗani, domin Ponty tana da sashen horar da akawuna, amma da yawa daga ta Yamai suka shiga aiki. Tafintocin farkon zamani wasunsu ba su wuce lakwal ɗin yanki ba, wasu ma a barikin soja suka koyi Faransanci.

Abin da ya fi kundin shekara shi ne fayil ɗin ma'aikaci, domin a cikinsa akwai takardar da ke jera makarantu da shaidun karatu da ranar fara aiki. Na waɗanda suka yi aiki har bayan 1960 ana nemansa a ma'aikatar kula da ma'aikatan gwamnati a Yamai ko a asusun fansho, kuma ana bukatar shaidar cewa kai jininsa ne, saboda haka a tafi da takardar rasuwa da takardun haihuwa da ke haɗa ka da shi. Na tsofaffin sojojin Faransa yana cibiyar adana fayilolin soja da ke garin Pau, kuma lambar da ke littafin soja ita ce mabuɗinsa.

Inda sunan makaranta yake fitowa

Da sunaye da shekaru da matsayi a hannu, sai a shiga jaridar gwamnati. Akwai Journal officiel na Afirka ta Yamma duka, wanda ake bugawa a Senegal, akwai kuma na Nijar kanta daga shekarun 1930. Shiga makarantar kwana ta gwamnati ba ya yiwuwa sai da hukuncin gwamna, tunda kuɗin ci da sutura da na tafiya daga baitulmali suke fita, kuma ana buga hukuncin. Za ka ga ɗan sakin layi yana cewa an karɓi ɗalibai masu waɗannan sunaye a makaranta kaza, an jera su bisa ƙwazo, sau da yawa da sunan lakwal ɗin da kowa ya fito a gabansa. Haka ake buga waɗanda suka ci jarrabawar fita, da waɗanda aka ba tallafin karatu, da waɗanda aka kora da dalilin korar. Na makarantun tarayya irin Ponty da Rufisk yana cikin na Dakar, na makarantun cikin ƙasa yana cikin na Nijar. Neman suna a waɗannan jaridu ba tare da sanin shekara ba allura ce cikin ruwa, amma wanda ya san shekarunsa sai ya buɗe jadawalin ƙarshen kowace shekara ya duba ƙarƙashin Enseignement, wato harkar ilimi. Idan a kwamfuta ake nema, a tuna cewa injin yana kuskuren karanta tsohon bugu, saboda haka a gwada kowane salon rubutun sunan, a gwada sunan abokin ajinsa idan an sani, idan duk bai fito ba a karanta shafukan da ido. Mujallar malamai, Bulletin de l'enseignement de l'AOF, wadda ta fara a 1913 ta koma L'Éducation africaine a 1934, ita ma takan buga sakamakon jarrabawa da canjin wuraren aiki.

Idan sunan makaranta ya fito, tabbacinsa yana cikin rajistar makarantar, wato registre matricule, inda kowane ɗalibi yake da lamba, da sunan iyaye da sana'arsu, da garinsu, da ranar shiga, da ranar fita da dalilinta, kuma a wannan gurbi na ƙarshe akan rubuta makarantar da ya wuce. Rajistar lakwal ɗin yanki ita ce mafi kusa da mu, a tambaye ta wajen daraktocin tsofaffin makarantun Birni da Zango da ofishin masu duba makarantun firamare. Makaranta takan canza suna ko ta rabu biyu, rajista kuwa takan bi ginin ko ta bi daraktan, saboda haka malaman da suka yi ritaya sun fi kowa sanin inda ta kwana.

Dakar ita ce matakin ƙarshe, kuma ban ga dalilin fara tafiya can ba kafin an gama da na gida. Takardun gwamnatin tarayya ba a kwashe su zuwa Faransa ba, suna gidan adana takardun ƙasar Senegal, an dai ɗauki hoton da yawansu an ajiye a garin Aix-en-Provence na Faransa. Sashen J ya ƙunshi harkar ilimi har zuwa 1920, sashen O ya ɗauka daga nan, sashen 2G kuma rahotannin da kowace ƙasa ke aikawa ne, har da na makarantun Nijar shekara shekara, sashen C na ma'aikata ne. Wanda kakansa ya yi Ponty daga shekarun 1930 zuwa gaba yana da wata dama ta daban: ɗaliban ajin ƙarshe suna rubuta dogon nazari kan al'adun ƙasarsu, kuma waɗannan littattafai suna cibiyar bincike ta IFAN a Dakar, UNESCO ma ta sa su cikin kundinta na abubuwan tarihin duniya a 2015. Ana iya samun rubutun kaka da hannunsa, da sunansa da shekararsa a bango.

Waɗanda ba su bi wannan hanya ba

Neman mace ya fi wuya, domin ƴan matan da aka kai lakwal kaɗan ne, kuma da zarar ta yi aure littafin lanho yana mai da ita gidan miji, wani lokaci da wani suna. A nemi ungozoma da malamai mata da sunansu na gidan uba a jerin Dakar da Rufisk, sannan a fayil ɗin aiki a neme su da sunan miji. Ƴaƴan da Turawa suka haifa da matan ƙasa ana tara su a gidan renon da aka yi musu a nan Zinder, kuma sau da yawa da sunan uwa aka rubuta su, ko da wani suna da aka ƙago, saboda haka sunan uwa da garinta ne abin riƙewa. Ƴaƴan sojoji da waɗanda aka zaɓa don aikin soja makarantun enfants de troupe ake kai su, irin ta Kati da ta Saint-Louis, inda Seyni Kunce ya bi, kuma sawunsu yana fayil ɗin soja. Makarantun mishan ba su cika fitowa a jaridar gwamnati ba sai lokacin jarrabawa. Mishan ɗin Furotesta na SIM ya zauna a Zinder tun 1924 kafin ya bazu zuwa Tsibiri da sauran wurare, takardunsa na da suna Amurka, amma tsofaffin ikilisiya sukan riƙe sunayen ɗalibai. Na Katolika kuwa a nemi rajista a gidan limamin cocinsu na garin.

Sai waɗanda littafin lanho ya ce sun ƙetara Nijeriya, kuma a ƙasar Magarya da Matamai ba kaɗan ba ne. A can tsarin Ingila ne: elementare, sannan midil ta kwana a hedikwatar lardi, sannan kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, aka mai da ita Kaduna a 1938, sannan Zariya a 1949, ita ce Barewa ta yau. A Kano akwai makarantar Ɗan Hausa ta Nasarawa tun 1909, da makarantar shari'a ta 1934 wadda ta zama makarantar nazarin Larabci. Ƙidayar Nijeriya ta 1931 da ta 1952 alƙaluma aka buga daga cikinsu, saboda haka abin dogaro shi ne rajistar makaranta, da jerin ma'aikatan En'e da na gwamnatin Arewa, da fayilolin da ke gidan adana takardu na Kaduna da Arewa House. A nan rubutun suna ya koma salon Ingilishi, Chaïbou ya koma Shuaibu, kuma yaron Damagaram yakan ɗauki sunan garin da ya sauka, a rubuta shi ɗan Daura ko ɗan Kazaure ko ɗan Gumel don ya sami gurbi.

Matsalar da ta fi yawan ɓatar da mai bincike ita ce takwara. Mamane Abdou na iya zama mutum uku a shekara ɗaya a yanki ɗaya, saboda haka ba a karɓar suna sai abu biyu aƙalla sun goyi bayansa daga takardu daban: sunan uba da gari, ko gari da lambar rajista, ko lakwal ɗin da ya fito da ranar da ya fara aiki. Kowace takarda da aka gani a ɗauki hotonta tare da bangon littafin, a rubuta inda take da lambar sashenta da shafi da ranar da aka buga ta, a kuma raba abin da takarda ta faɗa da abin da aka ji daga baki. Idan makarantar tana nan da ranta, a rubuta wa daraktanta takarda da cikakken suna ta kowane salo, da lambar rajista idan an samu, da shekarun shiga da fita, a roƙi takardar shaidar zama ɗalibi mai hatimin makarantar.